Wai da gaske ne babu daƙiƙin yaro? Muhawara a zauren iyaye da malaman zangon Kumasi

Ticha Rabi'u, Asawase: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na fito daga bitar da aka yi wa malaman firamare, kuma akwai abin da nake so iyaye su ji. Wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Howard Gardner, ya fitar da littafi a 1983 mai suna Frames of Mind, ya ce basirar ɗan'adam ba iri ɗaya ba ce. Ya kawo bakwai: ta harshe, ta lissafi da bin hujja, ta kiɗa da sauti, ta gane sura da wuri, ta sarrafa jiki da hannu, ta iya zama da mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, wato gane tsirrai da dabbobi da yanayi. Makarantunmu biyun farko kaɗai suke aunawa. Don haka ni a ganina babu daƙiƙin yaro. Kowa akwai inda Allah ya ajiye masa tasa.

Malam Idi Tafo: Wa alaikumus salam. Rabi'u ɗana, sannu da ƙoƙari. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ba a bita sai an kawo ta. Amma ni da na riƙe makaranta har na yi ritaya ina gaya maka, yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta sunan unguwarsu ba, in ka ce masa yana da basirar kiɗa ba ka ba shi komai ba. Ranar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, takarda za a miƙa masa, ba kalangu ba.

Ticha Rabi'u, Asawase: Baba Idi, ai laifin jarrabawar ke nan, ba na yaron ba.

Malam Idi Tafo: To ka je ka gyara WAEC mai shirya jarrabawar, mu muna nan muna jira. Kafin ka dawo yaron ya yi gemu.

Masta Awudu, Magazin: Hahaha, Baba ya fara. Amma bari in sa baki, don ni duk waɗanda makaranta ta kora wurina ake kawo su, nan Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Akwai yaron da aka kawo min daga Moshi Zango, ubansa ya ce kansa ba ya ɗaukar komai. Wannan yaron zai ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido, ya ce maka Masta, ƙarar daga nan take, ba daga can ba. Ka kwance ka tarar haka ne. Manya da suka daɗe a sana'ar ba su da wannan kunnen. Ticha yana da gaskiya a nan.

Amma ga inda Baba Idi ya fi shi gaskiya. Motocin da ke shigowa yanzu duk kwamfuta ce a ciki. Ka jona na'ura ta rubuto maka matsalar da Turanci. Yaron nan sai ya riƙe na'urar ya je yana neman ƙaramin yaro ɗan JHS, wato ƙaramar sakandare, ya karanta masa. Ranar da na ga haka raina ya ɓaci. Magazin ɗin da kuke turo mana yara ba ta da ba ce.

Madam Zulai, Sawaba: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ilimin yara masu buƙata ta musamman na karanta a jami'ar ilimi ta Winneba, kuma aikin da nake ci da shi ke nan, don haka ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Yaya Rabi'u, abin da ba a faɗa muku a bita ba shi ne masana da yawa ba su yarda da rabon Gardner ba. Tun 1904 wani Bature ɗan Ingila, Charles Spearman, ya lura cewa yaron da ya yi kyau a gwaji iri ɗaya yakan yi kyau a sauran ma, ya ce akwai wata basira ta bai-ɗaya da ke ƙarƙashinsu duka. Har gobe gwaje-gwaje suna nuna wannan alaƙar. Su kuwa takwas ɗin Gardner, babu wani ma'auni da masana suka haɗu a kansa da zai auna kowace daban. Shi kansa Gardner ya fito ya ce a daina haɗa ra'ayinsa da zancen nan na wai wannan yaro da ido yake koyo, wancan da kunne. Akwai kuma Robert Sternberg da ya raba ta uku a 1985: ta nazari, ta ƙirƙira, da ta iya tafiyar da al'amuran yau da kullum. Yaron Masta Awudu a ta ukun nan zai faɗa. Sai Daniel Goleman da ya shahara da zancen basirar sarrafa zuciya a 1995. Kowa da yadda ya yanka.

Ni abin da na ɗauka daga Gardner shi ne malami ya buɗe ido ya ga abin da yaro ya iya. Wannan alheri ne. Inda nake tsoro shi ne ta zama maganar rarrashi. Yaro ya kasa karatu, a ce ai shi basirarsa ta hannu ce, a rufe zancen, alhali ba wanda ya tsaya ya binciki abin da ya hana shi karatun.

Ticha Rabi'u, Asawase: Madam, na ji. Amma gwajin IQ ɗin nan na auna basira ai shi ne ya jawo ake yi wa yara tambari.

Madam Zulai, Sawaba: An yi ɓarna da shi, ba musu. Amma asalinsa ba don tambari aka yi shi ba. Alfred Binet da Théodore Simon sun tsara gwajin farko a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Yau matsakaicin maki 100 ne. Kuma ko yaro ya samu ƙasa da 70, ba a cewa yana da tawayar fahimta sai an duba yadda yake tafiyar da kansa: wanka, sa kaya, aike, riƙe kuɗi, zama da mutane. Ga wata matsalar kuma tamu: yaron Aboabo da Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko, in ka gwada shi da tambayoyin da aka tsara wa yaran Landan, Turancinsa ka auna, ba kansa ba.

Hajiya Ramatu, Aboabo: Salamu alaikum. 'Yata ce ke rubuta min, ni ina faɗa. Zulai 'yata, tun ɗazu ake karanta min, kamar da jikana kuke. Shekararsa goma, yana aji huɗu. Wallahi in an ba shi littafi sai ya yi ta zufa. Ya sha bulala har ya fara cewa cikinsa na ciwo duk safiya. Amma in na tafi da shi shago a kasuwar Kejetia, kafin in danna kalkuleta ya faɗi canjin mutum. Ubansa ya ce ƙarshen zangon nan zai cire shi ya kai shi Magazin. Gwaggonsa kuma ta ce shafar aljanu ce, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Ni na rasa na kamawa.

Alaramma Bashir, Yalwa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Ban san jikanku ba, amma na san irinsa, don suna zaune a gabana kullum. Yaro zai biya maka sura daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, da murya mai daɗi, yatsansa na tafiya a kan allo. Sai ka rufe sama da ƙasa da hannunka, ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru, ya koma farkon surar yana biyowa a ransa har ya iso wurin. Wato da kunne ya ɗauka, baƙin bai shiga ba. Addu'a kuwa ba a hana kowa, a yi masa. Amma ni ban taɓa ganin aljanin da ya bar yaro ya haddace izu biyu ya kuma hana shi gane harafin "ba" da na "ta" ba.

Madam Zulai, Sawaba: Alaramma, Allah ya saka da alheri, kun kwatanta abin fiye da yadda littafi zai yi.

Hajiya, ba zan ce ga abin da ke damunsa ba tunda ban gan shi ba. Amma ga yadda ake bi, kuma a bi shi a jere. Farko kunne. Yara da yawa da ake cewa ba sa ji magana, ba sa jin maganar ne da gaske. Ku tuna ko ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa, ko sanƙarau, ko ƙyanda mai tsanani, ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma. A kai shi Gee, wato asibitin Komfo Anokye, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a yi masa gwajin ji. Na biyu ido. Yaron da ba ya ganin allo daga bayan aji ba zai ce ba ya gani ba, don yana zaton kowa haka yake gani. Sai in waɗannan biyun lafiya lau, a duba karatun kansa.

Akwai lalurar da ake kira disleksiya. Yaro mai hankali sarai, wani lokaci ma ya fi sa'o'insa kaifi, amma ƙwaƙwalwarsa tana wahala wajen haɗa harafi da sautinsa. Ba ciwon ido ba ne, ba lalaci ba ne, kuma takan bi jini, sai ka tarar uba ko kawu ma haka ya yi fama. Ku gwada wannan a gida, da baki kawai ba da takarda ba: ku ce masa, faɗi "tabarma". To cire "ta", me ya rage? Ko ku ce, wane sauti "kifi" da "kaza" suka fara da shi? Ɗan shekara goma ya kamata ya amsa nan take. In ya yi ta kame-kame, ku gaya wa wanda zai duba shi. Juya b da d kaɗai ba hujja ba ce ga ƙananan yara, kusan duk suna yi a farko, balle namu da ke rubutu daga dama da yamma, daga hagu da safe.

Maganinta koyarwa ce, ba allura ba. A koma da shi kan sautuka ɗaya bayan ɗaya, a jere, kaɗan-kaɗan kullum, yana faɗa yana rubutawa yana taɓawa. Kuma bulalar nan a tsayar da ita yau. Hukumar ilimi ta GES ma ta hana duka a makarantu.

Masta Awudu, Magazin: Wato dai kamar a wurinmu. Mota ta ƙi tashi, ba ka fara da sauke inji, sai ka duba mai da batir da fulogi tukuna. Hajiya, ku gaya wa ubansa Awudu ya ce kada ya kawo shi yanzu. Ba na karɓa.

Yakubu Tela, Akwatia Line: Ina karantawa ban ce komai ba. Ni kurma ne. Sanƙarau ya ɗauke min ji ina yaro, bayan na riga na iya magana. Na koma aji ina kallon bakin malami yana motsi. Aka ce na zama wawa. Wani maƙwabcinmu ne ya gaya wa mahaifina akwai makarantar kurame a Jamasi. Can na koyi maganar hannu, na koyi karatu, na koyi ɗinki. Yau ina da shago da yara masu koyo, masu ji ne duka, kuma sun iya maganar hannu don dole.

Ticha Rabi'u, in da a lokacin an ce ai Yakubu basirarsa ta hannu ce a bar shi, da yanzu ban iya rubuta muku wannan ba. Abin da nake buƙata a lokacin harshe ne da zan ji darasi da shi.

Mutane ba su san Ghana ce ta fara a wannan yankin ba. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Osu cikin Accra a 1957, daga baya ta koma Mampong Akuapem. Shi ya sa maganar hannunmu ta yi kama da ta Amurka. Akwai kuma ƙauyen Adamorobe kusa da Aburi, inda kurame suka yi yawa tun kaka da kakanni har suka yi tasu maganar hannun daban, masu ji ma suna yi.

Malam Idi Tafo: Yakubu, Allah ya yi maka albarka. Ka kawo mu inda nake so a zo. Yanzu gwamnati cewa take a haɗa kowa a aji ɗaya. An yi taro a Salamanca ta ƙasar Sifen a 1994 aka amince da haka, mu ma muka fitar da tamu manufar a 2015. A takarda ba laifi. Amma ku shiga ajin gwamnati a zango ku gani. Yara sun cika har bakin ƙofa, malami ɗaya, alli ma sai an yi rabo. Ka kawo kurma ka zaunar a ciki ba mai fassara, ka ce ka haɗa shi da 'yan'uwansa. Zama ka ba shi, ba karatu ba. Ni na fi yarda da makarantu irin su Jamasi da Akropong, inda malaman suka san aikin.

Madam Zulai, Sawaba: Baba, a kan kurame da makafi ina tare da ku rabi. Kurma yana buƙatar jama'ar da ke magana da harshensa, makaho yana buƙatar wanda zai koya masa rubutun Braille mai ɗigo shida da tafiya da sanda. Makarantar makafi ta Akropong tun 1945 take wannan aikin, ga ta Wa a arewa. Amma makarantun nan nawa ne a ƙasar duka? Kuma yawancin yaran da muke magana a kansu ba kurame ba ne, ba makafi ba ne. Irin jikan Hajiya ne, da mai ji sama-sama, da mai farfaɗiya, da mai sikila da ke rasa makonni a asibiti, da wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Waɗannan suna cikin ajin tun da, ko an yi manufa ko ba a yi ba. Ilimi na musamman ba gini ba ne da ake kai yaro. Gyara koyarwar ne ta dace da shi: a dawo da shi benci na gaba, a ƙara masa lokaci, a yi masa tambaya da baki in rubutu ne matsalar, a rubuta abin da ake so ya cimma a zangon nan a bi shi. Rabin wannan ba ya cin ko sidi ɗaya.

Malam Idi Tafo: Yana cin lokacin malami, kuma shi ne abin da babu.

Maman Hafiz, Asokore Mampong: Ku yi haƙuri in shigo. Ɗana yana da lalurar Down. Da aka haife shi, wata tsohuwa a gidanmu ta ce ɗan ruwa ne, maƙwabtanmu Asante su ma suna da irin wannan zancen. Na yi shekaru ba na fita da shi suna ko biki. Likita ne ya zaunar da ni ya ce ƙwayar halitta ce ta 21 ta zo uku maimakon biyu, ba abin da na ci, ba abin da na taka. Wata makaranta mai zaman kanta ta ƙi karɓarsa, mai makarantar ta ce iyaye za su kwashe yaransu. Yanzu yana Garden City Special School nan kusa da mu. Yana sa kayansa da kansa, yana wanke kwanonsa, ya iya Fatiha, kuma duk layinmu ba wanda ya kai shi gaisuwa. Ticha Rabi'u, ba zan ce maka ɗana daidai yake da kowa a fahimta ba, ƙarya ne, yana da jinkiri kuma zai rayu da shi. Ba na buƙatar a ce min yana da wata ɓoyayyiyar baiwa kafin a koyar da shi.

Ticha Rabi'u, Asawase: Maman Hafiz, Allah ya raya shi. Amma a yi min adalci, ban ce a daina bincike ba. Cewa na yi a daina kiran yaro daƙiƙi. Malamin da ya riga ya yanke cewa yaro daƙiƙi ne ba zai taɓa tura shi gwajin kunne ba. Sai wanda ya ga yaron yana ba da canji a Kejetia ya ce to, kan nan yana aiki, me ya tare shi? A nan Gardner ya yi min amfani, ko masana sun yarda da lissafinsa ko ba su yarda ba.

Madam Zulai, Sawaba: A wannan ba mu da saɓani, Yaya. Maman Hafiz, abin da mai makarantar nan ta yi ya saɓa doka. Dokar naƙasassu ta 2006, Act 715, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda lalurarsa kawai, sai in hukuma ta tantance ta ga makaranta ta musamman ce ta dace da shi. Ta kuma ɗora wa iyaye nauyin sa shi a makaranta. Ɓoye yaro a ɗaki ma laifi ne.

Alaramma Bashir, Yalwa: Gara da aka zo nan, don mu ma masu makarantun allo da Islamiyya da sauranmu. Suratu Abasa kowa ya haddace ta, kuma kowa ya san a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum ta sauka, makaho da ya zo neman ilimi. Shi ne kuma ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Bilal. A zamaninmu Shaihu Bin Baz makaho ne ya kai ga zama babban mai fatawa na Saudiyya. Amma ku zaga makarantunmu na zango ku ƙirga makafi da kurame nawa ke ciki. Akwai Alƙur'ani da rubutun makafi, mu nawa muka taɓa riƙe shi? Iyaye da yawa suna ƙin kai yaro makarantar kwana mai nisa don tsoron sallarsa da abincinsa, mu kuma ba mu tanadar masa komai a gida ba. Sai ya tashi ba boko ba Arabiyya, ƙarshe a same shi a bakin masallaci da kwano.

Yakubu Tela, Akwatia Line: Alaramma, tunda kun faɗa da bakinku. Mu kurame muna zuwa Juma'a muna zaune har a tashi, ba mu san me liman ya ce ba. Coci-coci da yawa a garin nan suna da mai fassara da hannu. Muna da yara masu ji da suka iya, wuri kawai za a ba su a gefen sahu na gaba.

Alaramma Bashir, Yalwa: Zan kai maganar gaban limaminmu. Ban yi alkawarin amsarsa ba, amma zan kai. Ka turo min mutum biyu da kake ganin za su iya.

Hajiya Ramatu, Aboabo: Zulai, an gwada abin tabarmar nan yanzu da ya dawo daga makaranta. Ya ce "tabar". Aka sake, ya yi dariya ya gudu. Uban ya ce a je asibitin, amma in kunne da ido lafiya ne shi bai ga dalilin ci gaba da biyan kuɗin makaranta ba.

Malam Idi Tafo: Hajiya, ku bar min uban, na koyar da shi, zan kira shi da kaina.

Madam Zulai, Sawaba: Madalla, Baba. Hajiya, bayan asibiti ku wuce ofishin ilimi na Asokore Mampong, Aboabo a ƙarƙashinsa take, ku nemi jami'in da ke kula da ilimi na musamman. Ku tafi da sakamakon gwajin kunne da na ido, da littattafan rubutunsa na bana da na bara, da katin awonsa na jarirai in yana nan, da katin inshorar lafiya. Wanda ya san tarihin haihuwarsa da cututtukan da ya yi yana ƙarami shi ya kamata ya raka shi, don za a yi tambayoyi a kai. Ku je da safe, kuma ya ci abinci kafin ku fita.